Lesotho: Sarki na kan gado, lalita na hannun maƙwabci

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau Lesotho na kawo mana, ƙaramar ƙasar nan ta kan duwatsu da Afirka ta Kudu ta kewaye gabas da yamma, kudu da arewa. Mutanenta miliyan 2 ne da 'yan kai. Suna da Sarki, Letsie na Uku, amma ba ya taɓa baitulmali, ba ya naɗa minista da ra'ayin kansa, firaminista da majalisa ke gudanar da mulki. Abin da ya fi burge ni shi ne Majalisar Dattawansu: kujeru 33 ne, 22 daga ciki na manyan hakimai ne, gadonsu suke yi, babu ɗan siyasar da zai ci zaɓe yau ya kore su gobe. Ga shi suna sayar wa Afirka ta Kudu ruwa, suna da lu'ulu'u, suna ɗinka wa Amurka wandunan jins. Ni a ganina wannan shi ne tsari: a ba sarauta gurbinta a kundin tsarin mulki ta zama uwa, 'yan siyasa su yi ta kokawarsu a ƙasa. Me kuka gani?

Auta:
Wa alaikumus salam. Lesothon da ta riƙe mana wuya a Uyo aka tashi 1-1 a 2023? Ni tun ranar nake ganin girmansu. Amma Baba, ƙasar da wasanta na gida ma a Afirka ta Kudu take buga shi saboda filinta bai cika sharaɗi ba, ita za mu kwaikwaya?

Baban Walida:
Auta, maganar manya ake yi, ka ajiye ƙwallo tukuna.

Malamin Tarihi:
Ai Auta bai kauce ba, Baban Walida, bakin zaren ya kamo bai sani ba. Amma bari mu fara da Sarkin da ka ce uwa ne.

An ba su 'yanci ranar 4 ga Oktoba 1966. Shekara huɗu ba ta cika ba aka yi zaɓen 1970, Firaminista Leabua Jonathan ya ga jam'iyyar BCP ta kayar da shi, sai ya soke zaɓen, ya dakatar da tsarin mulki, ya ci gaba da zama. Ina uwar take a lokacin? Sarki Moshoeshoe na Biyu, mahaifin na yanzu, shi aka fara tura gudun hijira ƙasar Holan. A 1986 soja suka kifar da Jonathan, Manjo Janar Justin Lekhanya ya hau. A 1990 Lekhanya ya saɓa da Sarkin, ya sake korarsa, wannan karon Ingila, aka ɗora ɗansa a kan gado uban yana raye. A 1991 wani sojan, Elias Ramaema, ya ture Lekhanya. Aka dawo farar hula a 1993, BCP ta lashe kujeru 65 kaf, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya. A watan Agusta 1994 shi wannan Letsie na Uku da kake yabo ya fito ya ce ya rushe zaɓaɓɓiyar gwamnatin Ntsu Mokhehle. Sai da Afirka ta Kudu da Botswana da Zimbabwe suka matsa masa lamba ya mayar da ita. Uban ya koma gado a 1995, ya rasu a hatsarin mota a farkon 1996, ɗan ya sake hawa. Shirun da ka ga yana yi yau an koya masa shi ne da wahala. Tsarin mulkinsu na 1993 ma ya tanadi cewa idan an kawo masa abu ya ƙi sa hannu, firaminista na iya zartarwa a ɗauka kamar ya sa.

Baban Walida:
Allah ya gafarta Malam, duk na ji. Amma ka lura ƙasar ba ta tsage ba. Juyin mulki nawa ka lissafa, amma ba wanda ya ce zai ɓalle. Wani abu ne ya riƙe su, ni kuma na ce gidan Moshoeshoe ne.

Malamin Tarihi:
Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya. Moshoeshoe na Farko shi ya tara tarkacen ƙabilun da yaƙe-yaƙe suka tarwatsa, ya hau da su kan dutsen Thaba Bosiu a 1824, ya yi ta kare su da yaƙi da kuma siyasa. Da Turawan Bowa, jikokin Turawan Holan, na Orange Free State suka ci ƙarfinsa, suka ƙwace masa filayen noma mafi kyau, sai ya nemi Ingila ta ba shi kariya a 1868. Wannan dabarar ce ta sa ba a zuba su cikin Afirka ta Kudu ba, suka tsira daga mulkin wariya kai tsaye. Amma kusan dukkansu Basotho ne, harshensu ɗaya, Sesotho. Mutum zai ɓalle ya tafi ina? Ta ko'ina ka fita gidan maƙwabci ɗaya za ka faɗa.

Likitan Tudu:
Salam. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma wannan ta shafe ni, don na yi aiki a wani asibiti a can cikin duwatsun.

Baban Walida, Sarkin mutane na sonsa, wannan ba ƙarya. Ba ka jin ana zaginsa yadda ake zagin ministoci. Sai dai a zaman da na yi ban taɓa jin mara lafiya ko ma'aikaci ya danganta cinsa da shansa da fada ba. Hirar kullum ita ce nawa rand, kuɗin Afirka ta Kudu, ta koma, an buɗe gadar iyaka ko layi ya yi tsawo, wane ya samu takardar aiki a ƙetare.

Kuɗinsu sunansa loti, jam'insa maloti, kuma an ɗaure shi da rand ɗaya bisa ɗaya. Ka shiga kanti a Maseru, babban birninsu, ka ba da rand, a ba ka canji gauraye, rabi maloti rabi rand, ba mai ɗaga kai. Amma ka haye gadar Maseru da maloti a aljihu, ka yi 'yar tafiya cikin lardin Free State na Afirka ta Kudu, sai ka ga mai kanti na juya takardar yana girgiza kai. Don haka duk mai shirin fita sai ya bi yana roƙon a canza masa. Babban bankinsu yana nan da gininsa da gwamnansa, amma idan Pretoria ta ɗaga kuɗin ruwa dole ya bi sahu.

Shagunan kuwa, garin masara, madara, kaji, kabeji, kananzir ɗin da ake hura wa a ɗaki lokacin sanyi, yawanci daga ƙetaren gada suke zuwa. Ƙasar noma ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, ita ma zaizaya na cin ta, za ka ga kwazazzabo ya raba gona biyu. Sanyin kuma ba irin na Jos ba ne. Babu wani wuri a ƙasar da ya yi ƙasa da mita 1,000, mafi gangaren ma kusan mita 1,400 ne. A watan Yuni da Yuli dusar ƙanƙara kan rufe hanya, a kawo mana mara lafiya a kan doki an naɗe shi da bargo, ko kuma a jira jirgin sama. Yaran da ke kiwo a can sama, wasu ba su kai sha biyar ba, sukan yi watanni a bukkar dutse su da tumaki da kare.

Uwar Biyu:
Subhanallah. Likita, yaran ba sa makaranta?

Likitan Tudu:
Hajiya, shi ya sa a can mata sun fi maza karatu. Namiji kiwo, in ya girma mahaƙa. Mace ce ke zama a aji.

Ɗan Maraɗi:
Ni wannan labarin ba sai an fassara min ba. A 2023 da CEDEAO, wato ECOWAS, ta rufe mana iyaka mu 'yan Nijar, Najeriya ta yanke wuta, mun ga yadda shinkafa da magani suka koma. Kuma mu muna da maƙwabta bakwai, ta Burkina aka riƙa zagayowa da kaya daga Lome. To ka ɗauki wanda maƙwabcinsa ɗaya tal. Malam, an taɓa rufe musu?

Malamin Tarihi:
An taɓa, kuma shi ne darasin da ba su manta ba. Jonathan ya riƙa ba 'yan ANC, ƙungiyar Mandela mai yaƙi da mulkin wariya, mafaka. A Disamba 1982 sojojin gwamnatin wariya suka shiga Maseru da dare suka kashe mutum 42. A farkon Janairu 1986 suka toshe iyakokin, ba mai, ba abinci. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta faɗi. Sojan da suka hau suka kwashe 'yan ANC daga ƙasar, aka buɗe iyaka. Sannan a watan Oktoba na shekarar aka sa hannu kan yarjejeniyar ruwan da Baban Walida ke yabo. Ku jera kwanakin da kanku.

Injiniya:
To tunda an zo ruwa bari in shigo, don nan ne ake yawan yi wa lissafin kuskure.

Kogin Orange, wanda su ke kira Senqu, daga duwatsunsu yake tasowa, kuma ko an so ko ba a so Afirka ta Kudu zai gangara. Matsalar ita ce yana gangarawa ta kudu maso yamma, alhali masu ƙishirwar suna arewa, Johannesburg da Pretoria da masana'antun Gauteng. Da za su jira shi a ƙasa, sai sun yi ta turo shi sama da injina, kuɗin wuta kuma ba kaɗan ba. Sai aka ce a tare shi tun yana kan tudu, a huda duwatsu, ya gangara da kansa zuwa kogin Vaal. Aka gina madatsar Katse mai tsayin mita 185, aka ƙara ta Mohale, yanzu ana gina ta Polihali. Kimanin kubik mita miliyan 780 ke wucewa a shekara.

Abin da ake biyan Lesotho kaso ne na rarar da Afirka ta Kudu ta samu don ba ta yi wancan turin ba. Wato ba su ne suka zauna suka yanka wa ruwan farashi ba, kuma ba su da wani mai saye na biyu da za su ce in ba ka ƙara ba mu kai masa. Kuɗin na shigowa, ba a musu, kuma yana da amfani. A hanya ruwan na juya injinan tashar Muela, megawat 72, amma ba ya isarsu, sai sun sayo ƙari daga Eskom, kamfanin wutar Afirka ta Kudu, da Mozambik.

Ku kuma tuna 1998. Jam'iyyar LCD ta ci kujeru 79 cikin 80, 'yan adawa suka ce maguɗi ne, ƙananan sojoji suka yi bore. A watan Satumba dakarun Afirka ta Kudu da Botswana suka shigo da sunan SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka. Cikin wuraren da suka fara nufa har da Katse, aka yi artabu a can, sojojin Lesotho suka mutu. A Maseru kuwa aka ƙone kantuna aka wawashe.

Likitan Tudu:
Injiniya, ƙara da mutanen da aka tasa. Na ga ƙauyen da ke kallon tafkin daga sama, shuɗi shar har iya ganinka, amma mata na gangarawa da bokiti neman maɓuɓɓuga. Koken diyyar gonaki da makiyaya har na baro ana yinsa.

Baban Walida:
To ai ko'ina aka gina dam haka ne. Ku faɗi alheri ma mana. Na karanta cewa sun ɗaure shugaban aikin kan cin hanci.

Injiniya:
Wannan kam a sara musu. Masupha Sole, shugaban hukumar aikin, an kama shi da karɓar na goro daga kamfanonin waje, kotu ta yanke masa shekara 18 a 2002. Ba su tsaya kansa ba, suka gurfanar da masu bayarwar, Acres na Kanada da Lahmeyer na Jamus, aka same su da laifi, daga baya Bankin Duniya ya dakatar da su daga kwangilolinsa. Ƙasar da ba ta kai wata jihar tamu yawan jama'a ba ta yi abin da manya ke tsoro. Sai dai alƙalai da lauyoyin gwamnati ne suka yi, ba hakimai ba.

Sarkin Yaƙin Zaure:
Ni fa na gane inda Baban Walida ya dosa tun farko. Maganar Kano yake so a yi ya zagayo ta Lesotho. In da sarakunanmu na cikin tsarin mulki da wani gwamna bai isa ya tuɓe Sarki a 2020 wani ya mayar a 2024 ba. Ka fito fili kawai, Yallaɓai.

Shugaban Zaure:
Sarkin Yaƙi, dokar zaure tana nan: rigimar masarautar Kano ba a nan ba. Wanda ya ƙara zan goge. A ci gaba da Lesotho.

Hajiya Mai Atamfa:
Yauwa Shugaba. Ni wandunan nake jira a zo kansu, don mu 'yan Kwari mun san zafin mutuwar masaƙa. Wa ke da kamfanonin? Su Basothon ne?

Likitan Tudu:
A'a Hajiya, yawancin manyan na 'yan Taiwan ne, sai wasu na 'yan Afirka ta Kudu. Abin da ya kawo su dokar AGOA ce ta shekarar 2000, wadda ta ba kayan wasu ƙasashen Afirka damar shiga Amurka ba haraji. Aka kuma yi wa ƙasashe matalauta rangwame: ko daga Asiya ka sayo yadin, in dai a gidanka aka yanka aka ɗinka, ya wuce. Sai Levi's da Wrangler da irinsu suka riƙa ba da oda. A lokacin da abin ke tashe ma'aikata sun haura 40,000, mafi yawansu mata, kuma bayan gwamnati babu mai ɗaukar mutane kamarsu.

In ka bi ta unguwar masana'antu ta Thetsane da sassafe za ka gan su, ayari guda a ƙafa cikin sanyi, kowace da ɗan kwanon abincinta. A bakin ƙofa kuma ga wasu a tsaye, ba su da aiki, suna jira ko za a fito a nuna su da yatsa a ce ke da ke ku shigo. Da rana a bakin titi suke zama su ci abinci, masu gasa masara da masu sayar da tuwonsu da ganye duk da su suke rayuwa. Albashin bai kai dala 200 a wata ba, amma mace ɗaya na iya riƙe gida biyu da shi, nata da na iyayenta a ƙauye.

Hajiya Mai Atamfa:
To wannan ai ba masaƙa ba ce, teloli ne. Yadi na wani, keke na wani, mai saye ɗaya. Tela kuwa ranar da mai kaya ya canza shago, sai ya zauna yana kallon zare. Mu da muka yi UNTL a Kaduna, daga auduga har atamfa a gida, ita ma ta durƙushe, balle wannan.

Ɗan Maraɗi:
Ai ya canza ɗin, Hajiya. Ba su ne Trump ya ce ba wanda ya taɓa jin sunansu ba?

Malamin Tarihi:
Su ne, a jawabinsa gaban majalisa a watan Maris 2025. Wata guda bayan nan ya sa musu harajin kashi 50 cikin 100, mafi tsanani a jerin da ya fitar ranar. Yadda aka yi lissafin ne abin dariya in ba don ban tausayi ba. A 2024 sun sayar wa Amurka kayan kusan dala miliyan 237, jins da lu'ulu'u, su kuma abin da suka saya daga can bai kai miliyan 3 ba. Sai aka ce wannan giɓin zalunci ne. Mutumin da ke sayen garin masara da ƙyar, me zai saya a Amurka? Daga baya an sauko da shi zuwa 15, amma kafin nan masu oda sun janye, an sallami mutane, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rashin aikin yi a watan Yuli.

Auta:
To lu'ulu'un fa? Ko shi ma na maƙwabci ne?

Injiniya:
Mahaƙar Letseng tana sama da mita 3,000, kuma duwatsunta na cikin mafi tsada a duniya, ba yawa gare su ba, girma da kyau. A 2018 an tono wani mai karat 910 aka sayar dala miliyan 40. Kashi 70 na kamfanin Gem Diamonds ne mai rajista a kasuwar hannun jarin Landan, 30 na gwamnati. Amma injina ke aikin, ba ta ɗaukar ko kusa da abin da ɗinki ke ɗauka, ga kuma lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta ya karya farashi.

Baban Walida:
Duk wannan tattalin arziki ne. Ni tsarin mulki na kawo. Talauci daban, tsari daban.

Malamin Tarihi:
A nan ne muka rabu, ranka ya daɗe. Ni a wurina abu ɗaya ne.

Duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara bai fi dala biliyan 2 da ɗoriya ba. Babbar hanyar kuɗin gwamnati ita ce kason da take samu daga SACU, ƙungiyar kwastam da ta haɗa su da Afirka ta Kudu, Botswana, Namibiya da Eswatini, wadda tushenta ke komawa 1910. A wasu shekarun kason kan kai kusan rabin kuɗin shigarta, kuma yana hawa yana sauka ne da cinikin Afirka ta Kudu. Da can akwai wata ƙofa: mahaƙan zinariyar Afirka ta Kudu. A ƙarshen shekarun 1980 Basotho fiye da 100,000 ke aiki a can suna aiko da kuɗi. Aka yi ta rage su har suka koma ƙasa da rabin haka, da yawa suka dawo da tarin fuka da ciwon huhu. Wasu samarin yanzu ramukan da aka yi watsi da su suke shiga ba bisa ƙa'ida ba, su ne ake kira zama-zama.

To idan ƙofofi suka rufe haka, wace ta rage ga mai ilimi da mai buri? Gwamnati. Albashi, kwangila, kujera. Shi ya sa albashin ma'aikatansu ke cin kaso mai nauyi fiye da na yawancin ƙasashen yankin, shi ya sa kuma wanda ya rasa kujera ba ya haƙura, sai ya kafa jam'iyya. Mokhehle da kansa, yana firaminista, ya fice daga BCP a 1997 ya kafa LCD. Tom Thabane ya fice daga LCD a 2006 ya kafa ABC. Pakalitha Mosisili, shi ma yana kan mulki, ya fice daga LCD a 2012 ya kafa DC.

Bayan ƙonewar 1998 sun gyara zaɓe: kujeru 120, 80 na mazaɓu, 40 a raba bisa yawan ƙuri'un jam'iyya, don kada wani ya sake kwashe duka. Ya magance wancan ciwon, ya kawo gwamnatin haɗaka da ba ta daɗewa. Zaɓe a 2012, a 2015, a 2017. A Agusta 2014 Thabane, yana firaminista, ya tsere Afirka ta Kudu ya ce soja na neman kansa, 'yan sandan can ne suka rako shi gida. A 2015 sojoji suka harbe tsohon kwamandansu Maaparankoe Mahao. A 2017 aka harbe kwamanda mai ci, Khoantle Motsomotso, a barikinsa. Duk wannan hakimai 22 na zaune a Majalisar Dattawa. Iyakarsu su jinkirta doka, ba su da ikon kashe ta.

Uwar Biyu:
Ni kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya: an ce mata sun fi karatu, su ke riƙe da masana'antu, su ke riƙe da gida maza na ƙetare. A cikin kujerun gadon nan nawa ne 'ya mace za ta gada?

Malamin Tarihi:
Matar hakimi na iya riƙon ƙwarya in mijin ya rasu, kuma ana yi. Amma 'ya ba ta gadon uba. Senate Masupha, 'yar wani babban hakimi, ta kai ƙara, kotun tsarin mulki ta ƙi ba ta gaskiya a 2013. Shi kansa Sarkin 'ya'yansa biyu na farko mata ne, ɗan autan Lerotholi shi ne mai jiran gado.

Baban Walida:
Wannan ai ko a nan haka ne, Hajiya, ba abin mamaki ba.

Uwar Biyu:
Ban ce mamaki ba, Malam. Kai ka ce uwa ce, shi ya sa na tambaya.

Auta:
Baba an kama ka.

Ɗan Maraɗi:
Tambaya ta tsakani da Allah: me ya hana su shiga Afirka ta Kudu kawai su zama lardi? Kuɗi ɗaya, kasuwa ɗaya, har Basothon da ke can sun fi na gida yawa.

Likitan Tudu:
Ana yin maganar. A 2010 wasu sun tara sa hannu suna neman haka, kuma na sha jin ta a bakin masu aikin gida da masu tsinkar 'ya'yan itace a ƙetare, waɗanda takardar zama ke wahalarwa. Amma ka faɗe ta gaban dattijo ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Zai ce kakanninsa sun ƙi miƙa bindigoginsu ga gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta Cape a 1880, suka yi yaƙi suka hana. Wasu ma akasin haka suke nema: a 2023 majalisarsu ta tattauna ƙudurin a dawo musu da Free State da sauran filayen da aka ƙwace. Kuma ka tuna minista da ɗan majalisa da janar duk sai sun sauka in aka zama lardi. Wa zai kawo ƙudurin?

Hajiya Mai Atamfa:
Firaministan nasu na yanzu fa? Na ji an ce attajiri ne.

Malamin Tarihi:
Sam Matekane. Da kwangilar hanya da sufuri da aikin mahaƙa ya yi kuɗi. Ya kafa jam'iyyarsa RFP a Maris 2022, a Oktoba ya ci kujeru 56 cikin 120, ya haɗa da ƙanana ya kafa gwamnati. Mutane sun ce mai kuɗi ba zai yi sata ba, kun san waƙar. Shekara guda bayan nan 'yan adawa suka kawo ƙudurin tsige shi, sai shugabannin soja da 'yan sanda da na leƙen asiri suka fitar da sanarwa tare cewa ba za a canza gwamnati ba. Gyaran tsarin mulkin da SADC ta daɗe tana matsa musu a kai, na raba soja da siyasa da taƙaita sauya sheƙa, shekaru aka yi ana jan ƙafa.

Baban Walida:
Ni dai ban janye ba. Ku cire Sarkin ku ga in janar-janar ɗin nan ba su fara rigimar wa zai zama shugaban ƙasa ba. Kujerar da ba a takararta ta rage musu fitina ɗaya.

Malamin Tarihi:
Fitina ɗaya, na yarda. Ka rubuta haka a saman zaren maimakon abin da ka rubuta.

Hajiya Mai Atamfa:
Ku bar su su biyun. Likita, bargon nan nasu mai zanen masara da nake gani a hotuna, shi nake so. In an samu mai kawowa zai shiga a Jos da Mambila, har Kano lokacin hunturu. Tunda suna da tumaki da awakin gashi, a Maseru ake saƙa shi ko?

Likitan Tudu:
Ulu da gashin awakin suna da su, kuma dubban gidaje a kan dutse da su suke biyan kuɗin makaranta. Amma ɗanye ake fitar da yawancinsu, a kai gwanjo Gqeberha, tsohuwar Port Elizabeth. A 2018 gwamnati ta hana kaiwa can ta ce a sayar ta hannun dillali ɗaya a gida, biya ya yi ta makara, makiyaya suka cika Maseru da zanga-zanga har aka sassauta. Bargon kuwa, Seanamarena da 'yan uwansa, kamfanin Aranda ke yin su a Randfontein, kusa da Johannesburg.

Hajiya Mai Atamfa:
To shi ke nan, Johannesburg zan aika. Yaron da ke min sayayya a can zai duba min farashin dila da kuɗin jirgi, in ya fita zan sanar a zaure.